Mariƙin Bindigar Goggo Helmi

Fargo, 9 ga Mayu

Zuwa ga Goggo Helmi,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, kuma sanyin bana ya sake ku haka nan. Na ji an ce har ƙarshen Afrilu da sauran ƙanƙara a gefen titunan Calumet. Mu nan ta narke, sai iska ba dare ba rana.

Wataƙila ba za ki tuna ni ba. Ni ne Arvid, ɗan Karin Harju, jikan Matti. Kakana Matti da marigayi mijinki, Baba Onni, 'ya'yan wa da ƙani ne. Sau ɗaya muka haɗu, ranar jana'izarsa. Ni ne dogon nan da ya kifar da butar kofi a teburin coci. Mama ta ce kunnenki ya yi nauyi, ba kya ɗaukar waya, amma kina amsa wasiƙa.

Lafiyata lau, sai atishawar bazara. Na gama jami'a, karatun injiniya, na kuma samu aiki a wani kamfani da ke ƙera kayan tarakta. Aikina auna ƙarafa ne, in ce wannan ya yi, wannan bai yi ba.

Ga abin da ya sa na rubuto. A sashenmu kusan kowa yana da bindigar hannu da yake yi wa gyare-gyare: ya sauya wannan, ya goge wancan, ya sassaƙa mata mariƙi na katako. Hirar lokacin cin abinci ke nan kullum. Ni ban taɓa mallakar bindiga ba, amma na yi ajin kiyaye haɗari na gama. Ba harbin ne ya ja ni ba, aikin hannun ne. Kowa ya ce in fara da mai araha, don in na ɓata ba zan yi kuka ba.

Akwai shagon wani dattijo, Duane, yana da guda uku da ƙarfina zai kai. Ɗaya jikinta roba ne, dala 250, amma mariƙinta haɗe yake da gangar jikin, babu abin da zan cire in sassaƙa. Akwai tsohuwa mai ɗauri shida, wato mai cin harsashi shida, kwance ce, dala 340, fentinta ya koɗe amma tana da nauyi a hannu. Sai wata sabuwa ƙirar 1911, mai cin ƙananan harsasai masu lamba 22, dala 280. Ita wannan rashin nauyinta ne ya sa ni zargi.

Jiya da na koma, Duane ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Samari, kullum sai ka zo ka shafa su ka tafi. Saye ka zo yi ko zance?" Mutanen shagon suka yi ta dariya. Na ce ina nazari ne. Ya ce, "To ka yi sauri, kada su tsufa a gidan ubansu."

Mama ta ce duk danginmu babu wanda ya san bindiga kamar ke. Da ke ce, wacce za ki ɗauka? Kuma me ya sa? Dalilin ya fi damuna.

Naki,
Arvid Harju

Calumet, 20 ga Mayu

Arvid,

Wasiƙarka ta iso. Na daɗe ban ga mutumin da ke sa wa shafukan wasiƙa lamba ba. Na tuna ka sarai, kuma kada kofin nan ya dame ka. Ƙawata Marlys ce ta dafa shi, taimakon jama'a ka yi.

Ina lafiya, sai hannu. Amosanin gaɓɓai ne, likita ya ce ba ya komawa baya. Ƙanƙara ta tafi, sauro ya karɓe ta.

Ka tambayi wadda ta ajiye sana'ar. Mu huɗu ne muke harbin gasa duk Talata a ƙarƙashin ginin tsoffin sojoji, tun mamarka tana firamare: ni, da Marlys, ita ce shugabarmu, da wasu tsoffi biyu. Da hannu ɗaya ake harbin, ɗayan yana aljihu, takardar da ake harbi tana nisan ƙafa hamsin. A hunturun da ya wuce bindiga ta suɓuce mini ina kan layi. Ba ta faɗi ba, amma na ji ta tafi a hannuna. Na zare harsasan, na mayar da ita akwati, na dawo gida. Ban sake komawa ba.

Gasar bana a Satumba za ta fara, kuma sai da mutum huɗu ake ƙungiya. Marlys ta ce in ba ta amsa kafin Agusta ya ƙare, in ba haka ba akwai wata nas da ta daɗe tana son wurin. Ban ga laifinta ba. Sai dai tun da Onni ya rasu, Talatar nan ce kaɗai ranar da nake zama cikin mutane. Ina zuwa coci, amma ba na jin abin da ake faɗa. A wurin harbi kuwa kowa kunnensa a toshe yake, kowa ihu yake yi, ni da su duk ɗaya.

To, tambayarka. Ka ciro maganaɗisu daga jikin firij ɗinka ka tafi da shi shagon. Inda ya manne, ƙarfe ne, zai ɗauki gogewa da rini da zane. Inda bai manne ba, ka tambaya da me aka yi. Amma kafin nan ka san abin da kake so ka yi da ita, don duk wasiƙarka ba ka faɗa ba. Tawa ma ƙirar 1911 ce mai cin 22, ta ƙarfe. Kwance Onni ya sayo mini ita, ya yi ta sauye-sauye har ba abin da ya rage na asali sai gangar jikin da lambarta. In ka shiga wannan harka, haka kai ma za ka ƙare. Arahar ranar saye ce kawai.

Ka gaida Karin. Ka riƙa cin abinci, a wurin jana'iza kamar sandar tuta kake.

Goggonka,
Helmi

Fargo, 1 ga Yuni

Goggo Helmi,

Na gode ƙwarai. Ina fatan hannun ya yi sauƙi da shigowar zafi. Atishawata ta lafa. Ina cin abinci, na ƙara laba biyu.

Na tafi da maganaɗisun. Mai ɗauri shida ta kama shi ko'ina. Ta roba ta kama a sama kawai. Ƙirar 1911 ɗin, bututunta ne kaɗai ya kama, sauran jikin ko gezau. Na nemi takardarta na karanta: tutiya ce aka narka aka zuba, aka shafa fenti. Ba ta ɗaukar rini, in aka goge ta kuma sai ta yi toka-toka.

Duane ya ce, "Wa ya koya maka wannan? Ba dai makaranta ba." Na ce goggona. Ya ce, "To ka ji maganar goggonka, ka ɗauki ta ƙarfen. Waccan ai murfin tukunya ce aka yi wa kunamar bindiga." Abokan aikina ma duk bakinsu ɗaya.

Amma ni tun da na karanta wasiƙarki, hankalina yana kan abu ɗaya: me ya sa ta suɓuce? Na karanta abin da na samu. Mariƙin da aka saba yi falle biyu ne shafaffu, yatsu ne ke yin duk aikin matsewa. Masu gasa kuwa suna sassaƙa wani iri mai tudu inda babban yatsa zai hau, da 'yar baranda a ƙasa da gefen tafin hannu zai zauna a kai. Nauyin bindigar sai ya sauka a kan ƙashin hannu, ba sai an matse ba. Ban ce zai yi miki ba, ban sani ba. Amma ina so in gani.

Kin ce in san abin da nake so in yi. To ga shi: ina so in sassaƙa miki mariƙi. Doka ba ta yarda ki sa bindigarki a gidan waya ki aiko mini ba, sai ta hannun dillali mai lasisi, kuma ba zan so ta bar gidanki ba. Saboda haka ina buƙatar wadda gangar jikinta ta yi daidai da taki, in riƙa gwadawa a kanta. Cikin ukun nan, murfin tukunyar ce kaɗai. Ramukan notin mariƙinta biyu tsakaninsu inci 3.07 ne, na auna sau da yawa, kuma haka ƙirar take tun asali. Ke nan wadda ta fi kowace rashin kirki ita ce ta dace. Abin ya ba ni mamaki, kuma har yanzu na kasa yarda zan ba da dala 280 a kan tutiya.

Alfarma biyu nake nema. Ki auna mini tsakanin notin biyu na taki. Sannan ki ɗora hannunki a kan farar takarda, yatsu a ware kaɗan, ki zagaye shi da fensir, ki aiko. Masu wannan aiki haka suke karɓar awo.

In na wuce gona da iri, ki gaya mini.

Naki,
Arvid

Fargo, 29 ga Yuni

Goggo Helmi,

Ina fatan lafiya. Na ji shiru, kullum sai na leƙa akwatin wasiƙa har sau biyu. Na kira Mama, ta kira matar fasto, ta ce ta gan ki ranar Lahadi kina tafiya da ƙafarki. Hankalina ya kwanta ta wannan ɓangaren, sai ya tashi ta wani.

Na sake karanta kwafin wasiƙata. Ina jin na yi rashin ta-ido. Mutumin da bai taɓa harba bindigarsa ba yana gaya miki yadda za ki riƙe taki. In haka ne, ki yi haƙuri, ki manta da maganar.

Sai dai ban iya jira ba, na sayi ta tutiyar. Duane ya naɗe ta yana girgiza kai, ya ce, "Allah ya ba da zaman lafiya." Na sayi akwati mai makulli, da guntun katakon wolnot. In ba kya so, zan sassaƙa wa kaina, ba asara.

Naki,
Arvid

Calumet, 6 ga Yuli

Arvid,

Ina lafiya. Ga hannun nan a takarda. Tsakanin noti inci uku ne da ɗan ƙari, da tef ɗin ɗinki na auna, kada ka tambaye ni nawa ne ɗan ƙarin.

Ka yi abin da za ka iya. Amma maganar zanen hannu, kada ka sake tambayata.

Helmi

Fargo, 10 ga Agusta

Goggo Helmi,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina lafiya, sai yankan wuƙa biyu a yatsa, duk sun warke. Wannan wasiƙar tana cikin kwali ɗaya da mariƙin. Na yi jinkiri, na sani, kuma na san Marlys tana jira.

Na fahimci na ɓata miki rai, shi ya sa ban sake rubutowa da tambaya ba, ko da yake ina da su da yawa. Na yi aiki da abin da takardar ta nuna kawai.

Abu na farko da na gano ya ba ni sha'awa: ashe ke bahaguwa ce! Na ɗora hannuna na dama a kan takarda, babban yatsa ya faɗa ɓangaren hagu. A zanenki yana ɓangaren dama. Na ce ko takardar na juya, amma shatin fensirin fuska ɗaya yake, fuskar da kika rubuta kwanan wata. Na tambayi Mama, ta ce ba ta taɓa lura ba. Da ban duba ba, da na sassaƙa na dama, aikin wata guda ya tafi a banza. Kuma na ji daɗi da na ga yatsun sun fi yadda na zata miƙewa.

Wannan shi ne na uku. Na farko ya tsage wajen huda. Na biyu na ci shi da magagari har barandar ta yi siriri. Na ukun na fara kwatanta shi da yumɓu, na rage awon hannuna zuwa naki, sannan na taɓa katako. Na goge da samfefa, na shafa mai, ban sa fenti ba don kada ya yi santsi. Na bar tudun babban yatsa da ɗan kauri da gangan, ragewa ta fi ƙarawa sauƙi. Kada ki ɗaure notin da ƙarfi, wolnot yana fashewa.

Ita kuwa bindigar tawa, na je filin harbi da ita. Ba ta son kowane harsashi, in ba mai ƙarfi ba ne sai ta cije. Fentin gefenta ya fara ɓarewa tun yanzu. Amma ramukanta daidai suke, ko gashi babu. Na gwada mariƙinki a kanta da hannuna na hagu, ya yi mini kaɗan, duk da haka na saki yatsu uku bindigar ba ta motsa ba. Ba harsashi a ciki, na duba sau biyu. Na daɗe a tsaye a kicin ina kallon abin.

Na kai wa Duane ya gani. Ya jujjuya shi ya ce, "Kai ka yi wannan? Ka ɗaura wa jaki sirdin doki." Sai kuma ya tambaye ni ko zan yi masa ɗaya. Ban sani ba ko wasa yake.

In bai yi ba, ki gaya mini inda ya matse da inda ya yi sako-sako. Ba tambayar zane nake ba.

Naki,
Arvid

Calumet, 19 ga Agusta

Ɗana Arvid,

Kwalin ya iso lafiya, ni ma lafiyata lau, sai ciwon haƙarƙari, kuma kai ka jawo mini shi. Na karanta wasiƙarka a tsaye a bakin ƙofa, na yi dariya har sai da na zauna a kan matakala.

Injiniya, ni ba bahaguwa ba ce. Shekara saba'in da uku da dama nake komai. Ka auna komai, ka juya takarda, ka kira uwarka, amma ba ka tambayi kanka ba: fensirin a wane hannu yake? Mai dama in ta zauna ita kaɗai za ta zana hannu, wanne za ta zana?

Ba fushi na yi da kai ba. Na gwada zana na daman da hagu, abin da ya fito kamar dankalin da ya tsiro. Kuma ba duk laifin fensir ba ne, haka hannun yake yanzu, ba ya kwanciya a takarda, manunin ya karkace ya hau na tsakiya. Sai an samu wani ya danne shi ya zana. Gidan nan ba kowa. Marlys tana nan ƙarshen titi, amma tun hunturu nake sa hannun a aljihu in mun haɗu, ba na so ta gani. Takardar ta yi makonni a kan tebur ina kewaye ta. Ranar da na gaji sai na ce hannu ai hannu ne, na zana wanda ya samu, na ɗauka za ka juya awon. Da na rubuta kada ka sake tambaya, da kaina nake faɗa.

To, kwali ya zo, abu ya yi kyau, sai ƙamshin mai. Na ce bari dai in ga ko ramukan sun yi daidai. Sun zauna kamar da su aka haife ta. Na sa dama, ba ta shiga ba sam. Sai na sa hagu.

Arvid, ban san me zan ce maka ba. Hannun nan shekara arba'in yana aljihu yana hutawa, ba abin da ya same shi. Bindigar ta kwanta a ciki. Na ɗaga ta wajen bango, ba ta yi rawa sosai ba.

Da safe na ɗauki takardun harbi na tafi tsohon ramin tsakuwa bayan gidana. Harbin farko ban san inda ya tafi ba. Ashe idona na dama ne ke jan saiti, sai na karkatar da kai. Kunamar kuma, yatsan hagu bai san ta ba, fizga yake maimakon ja. Cikin goma, huɗu suka taɓa takarda. Washegari shida. Abin da ya fi ba ni mamaki, kaina ya san komai, hannun bai san komai ba, kamar ina koya wa baƙuwa. Ka taɓa karanta wani abu a kan wannan? Wata nawa yake ɗauka?

Jiya ina cikin yi sai ga motar Marlys, ƙarar ta ji. Ta fito ta riƙe ƙugu ta yi ihu, "Helmi Saari, wa kike yaƙi da shi?" Sai ta ga hannun da bindigar take. Ta dubi ɗayan, ban samu damar ɓoye shi ba. Ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Tun yaushe?" Na ce tun bara. Ta ce, "Tsohuwar banza. Da kin faɗa."

Amma Marlys ba ta wasa da maki. Ta ce nas ɗin tana harbi da kyau, kuma an riga an sa mata rai. Ranar Talata ta ƙarshen wata in zo ƙasa in harba talatin a gaban kowa, sannan a yanke.

Goggonka,
Helmi

Fargo, 23 ga Agusta

Goggo Helmi,

Na ji daɗi kina lafiya. Ni kuwa da na karanta, sai da na ɗauki fensir na ɗora hannu a takarda. Na hagu na zana. Kunya ta hana ni cin abincin rana.

Ina da sauran katako. In Marlys ta zana na daman yau, zan iya gamawa, amma ba kafin Talata ba, na lissafa ta kowace hanya. Ki yi haƙuri.

Na binciko abin da kika tambaya. Ban samu adadin watanni da zan amince da shi ba, kowa da abin da yake faɗa, saboda haka ba zan ba ki lamba ba. Abu biyu dai na gani an maimaita: a manna ɗan tef mai duhu-duhu a gilashin idon dama don na hagu ya karɓi aiki, ko a bar na daman a karkatar da kai yadda kike yi. Ki zaɓi ɗaya ki tsaya a kai. Kuma a riƙa jan kunama a gida ba harsashi, da harsashin roba a ciki don kada ta lalace. Na sa miki su a ambulan.

Tudun babban yatsa bai matse ba? Ki rubuto da zarar an gama, ko me aka yanke. Ba zan iya komai a wurin aiki ba sai na ji.

Naki,
Arvid

Calumet, 1 ga Satumba

Ɗana Arvid,

Ina lafiya, ka koma cin abincinka. Harsasan roba sun iso, na yi ta ja a kicin har kyanwa ta bar mini ɗakin. Tef ɗin na zaɓa.

Na je ranar Talata. Na tarar da su duka, har da nas ɗin, sunanta Tamsin, yarinya mai hankali, ita ta riƙe mini ƙofa. Mariƙinka ya zaga hannu-hannu kafin a fara. Joyce, ɗaya daga cikin tsoffinmu, ta ce, "Wa ya yi miki wannan, saurayi kika yi?" Na ce e, ɗan Fargo, injiniya, hagu da dama ne dai bai gama rarrabewa ba.

Na harba talatin. Goman farko bai yi kyau ba. Biyu sun bar takarda. Na biyu duk sun shiga. Na uku ɗaya ya faɗa tsakiya, ban san yadda aka yi ba, kuma ba zan yi ƙarya in ce na nufa ba. Marlys ta tattara takardun ta sa tabarau ta ƙirga. Da can ina samun ɗari biyu da saba'in cikin ɗari uku. Wannan karon ɗari da sittin da ɗaya. Tamsin ta samu ɗari biyu da arba'in.

Ban jira an gaya mini ba, na fara haɗa akwatina. Na ce wa yarinyar wurin nata ne, kuma da gaske nake, ta ci shi.

Marlys ta ce, "Ina za ki?" Na ce gida. Ta ce, "Zauna, ban gama ba." Ta ce wurin ƙungiya na Tamsin ne, wannan ba gardama. Amma akwai layin 'yan koyo, na waɗanda ba su taɓa gasa ba, ana harbinsa a daren, a ɗakin, kafin na manya. Joyce ta ce ai Helmi ba 'yar koyo ba ce, kofunanta sun cika kabad. Marlys ta daka mata tsawa, "Wancan hannun ne ya ci kofunan. Wannan ya taɓa cin wani abu?" Aka kira mai kula da gasar, ya sosa kai, ya ce shi dai bai ga abin da ya hana ba.

Saboda haka na rasa wurina, kuma na yi kuka kaɗan a mota, ba zan ɓoye maka ba. Shekara arba'in ba wasa ba. Amma duk Talata zan kasance can. Mu biyar ne a layin: ni, da wani direban motar gidan waya, da yara uku 'yan sakandare masu ce mini kaka. Su ma sun yi gwaji ranar, ɗaya ta fi ni da maki tara, kuma ina da niyyar kama ta kafin Kirsimeti.

Kada ka sassaƙa na dama, ka ajiye katakon. Tudun babban yatsa ya ɗan matse ta sama, na ci shi da abin gyaran farce, kada ka suma. Kuma ka bar jin kunyar tutiyarka, ta yi aikin da aka saye ta dominsa.

Da aka miƙo mini takardar shiga layin, na ɗauki biro da dama, sai Marlys ta fizge ta ce wanda zai yi harbin shi zai sa hannu. Na sa da hagu. Ya fito kamar tafiyar tsutsa, ya haura layi biyu, amma sun karɓa.

Goggonka,
Helmi